Yarana ba sa jin yaren kakarsu, maigida ya ce a ƙyale shi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku: babbar mace ce mai shekara 11, mai bi mata namiji ɗan shekara 7, sai auta da bai cika uku ba. Iyayena 'yan wata ƙaramar ƙabila ne, amma ni a birni na tashi. Ina jin yarenmu sarai, sai dai tun ina ƙarama idan aka yi mini magana da shi da Hausa nake mayarwa, bakina bai taɓa sakewa da shi ba. Bayan rasuwar mahaifinmu Mama ta dawo wurina da zama. Hausarta ba ta da yawa, yarana kuma ko gaisuwa ba su iya da yaren ba, sai su zauna ɗaki ɗaya da ita kamar baƙi. Babbar har dariya take yi idan Mama na magana, ta ce kada a yi a gaban ƙawayenta. Na ce wa maigidana ina so in fara koya musu, ya ce yaren da ba a jarrabawa da shi, ba a ɗaukar aiki da shi, me za su yi da shi? Ya ce rikita wa auta baki kawai za a yi, gara a dage da Turanci. Shi ba ɗan ƙabilarmu ba ne, ya kuma ce ba ya son ana maganar da ba ya ji a cikin gidansa. Kwanan baya Mama ta ce mini, "Daga kaina yaren nan ya ƙare a zuriyar nan." Tun ranar na rasa sukuni. Anti, na makara ne? Kuma yaya zan yi ba tare da na ɓata da mijina ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ji ƙan Baba, Ya ƙara wa Mama lafiya da nisan kwana.

Ba ki makara ba, amma ba ki da lokacin ɓatawa, kuma amsar ba ɗaya ba ce ga yaran uku. Auta, idan aka tashi tsaye yanzu, zai iya tasowa da yaren a bakinsa tamkar a cikinsa aka haife shi. Ɗan shekara bakwai zai ji, zai kuma yi magana idan ya sami dalilin yi. Babbar ce mai wuyar sha'ani, ba don kanta ya toshe ba, sai don ta kai shekarun da maganar ƙawa ta fi ta uwa nauyi. Zan zo kanta.

Bari in fara da abin da ba ki tambaya ba. Kin rubuto kamar matsalar a wajen yara take, alhali a wajenki ta faro. Ba zarginki nake yi ba, lissafi ne kawai. A gidan nan mutum ɗaya ke yin yaren, mutum ɗaya ke ji, mai jin kuma da Hausa take amsawa. Yaro kuwa ba abin da aka ce masa yake ɗauka ba, abin da ya ga ana yi yake ɗauka. Tun da Mama ta zo, abin da yaranki ke gani kullum shi ne yaren nan na tsofaffi ne, ana yi wa mutum magana da shi ya amsa da wani. Idan uwarsu da ke ji ba ta yi, su da ba sa ji me zai sa su wahalar da kansu?

Wannan ba a gidanki aka fara shi ba. Masu nazarin harsuna sun daɗe da lura da shi, musamman a cikin iyalan da suka yi ƙaura zuwa Amurka daga ƙasashe daban-daban: kakanni na yin harshen gida, 'ya'yansu na jin biyu, jikoki kuma sai harshen gari kaɗai. Zuriya uku an gama. Shi ya sa hukumar UNESCO, idan za ta auna ƙarfin harshe, babbar tambayarta ita ce ko yara na koyonsa a gida. Harshen da mutum dubu ɗari ke yi amma duk sun haura arba'in ya fi kusa da kushewa a kan wanda mutum dubu biyu ke yi har da 'yan yaye. A cikin harsuna kusan 7,000 da ake yi a duniya, kimanin kashi 40 cikin 100 na fuskantar barazanar ɓacewa, kuma galibinsu ba yaƙi ko annoba ke ƙarar da su ba. Iyaye ne ke ajiye su da hannunsu, da kyakkyawar niyya, don suna so 'ya'yansu su ci gaba. Marie Smith Jones, wadda ita ce ta ƙarshe da ta tashi da harshen Eyak a Alaska, ta rasu a 2008 bayan ta haifi 'ya'ya tara, babu ko ɗaya da ya ɗauki harshen, domin a lokacin da take renonsu abin kunya ne a ji shi a bakin yaro. Ba ƙin yarenta ta yi ba, kamar yadda iyayenki ba su ƙi nasu ba ranar da suka bar ki kina amsa musu da Hausa.

Af, tunda da Hausa muke wannan magana, ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mun saba kukan Turanci na cinye mana harshe, amma ga ƙananan harsuna masu yawa Hausa ce mai haɗiyewar. Nijeriya kaɗai na da harsuna sama da 500, kuma akwai waɗanda suka riga suka tafi ta wannan hanyar, kamar Ajawa na ƙasar Bauchi, wanda masu shi suka koma Hausa tsakanin 1920 da 1940. Haka Swahili ke yi wa maƙwabtansa a gabashin Afirka, haka Sifaniyanci ke yi a Amurka ta Kudu. Na kawo wannan ne don ki gane cewa ko da maigida bai taɓa ambaton Turanci ba, yarenku na cikin matsi tun daga bakinki.

To, maigida. Maganganu uku ya yi, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta rikita baki tana da amsa mai sauƙi. Miliyoyin yara a Afirka da Indiya da Turai da harshe biyu ko uku suke tashi, kuma masu duba lalurar magana a wajen yara sun daidaita a kan cewa jin harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana. Abin da za ku gani shi ne auta zai riƙa cakuɗawa, ya ɗauko kalma daga nan ya haɗa da ta can. Ba ruɗewa ba ce, yana amfani ne da duk abin da ke hannunsa, kuma yana rarrabewa da kansa yayin da kalmominsa ke ƙaruwa. Ki gaya wa maigida wannan tun kafin ya faru, don kada ranar da ya ji ya ce "ka ji abin da nake gudu". Idan kuwa yaro ya yi jinkirin magana na gaske, likita ake kai shi a duba, a fara da kunnensa. Cire masa harshe ɗaya ba magani ba ne.

Ta Turanci ma haka. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da 'yan firamare da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi ɗaya daga cikin darussa. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, a wasu fannonin ma sun fi takwarorinsu. Ke kuma ba makaranta kike neman canja wa harshe ba. Turanci na da aji, da littafi, da talabijin, da waya, rabonsa ya cika har ya tumbatsa. Hirar da auta zai yi da kakarsa ba daga kason Turanci za a yanke ta ba.

Amma inda ya ce ba a jarrabawa da yaren, ba a ɗaukar aiki da shi, kada ki yi masa gardama, gaskiya ya faɗa. Kada kuma ki je masa da zancen nan da ke yawo cewa harshe biyu na ƙara wa yaro basira, domin masana kansu suna jayayya a kai, kuma idan ya bincika ya ga haka kin zubar da hujjarki. Hujjarki ɗaya ce, kuma ta ishe ki: akwai tsohuwa a gidan nan da ba ta iya yi wa jikokinta nasiha, ba ta iya ba su labari, ba ta iya tsokanarsu su yi dariya tare. Ki tambaye shi cikin ladabi, da a ce mahaifiyarsa ce ke zaune haka a tsakiyar jikokinta ba mai ce mata komai sai murmushi, yaya zai ji? Zumunci kike nema wa 'ya'yansa, shi kuwa zumunci ba a tambayar ko ana ɗaukar aiki da shi.

Ta ukun ce ainihin maganar, sauran biyun rakiya suka yi mata. Babu magidancin da ke son ya shigo gidansa ya tarar ana hira ana dariya, shi kaɗai ne bai san me ake cewa ba. Ko bai faɗa ba, zuciyarsa za ta raya masa da shi ake, ko kuma ana janye masa 'ya'ya zuwa dangin uwa. Wannan tsoro ba na raini ba ne, kuma bayanin masana ba ya kawar da shi, alƙawari ke kawar da shi. Ki yi masa alƙawarin cewa duk lokacin da yake zaune cikinku harshen da kowa ke ji za a yi, sai fa abin da Mama ta faɗa, shi ma ki fassara masa ba sai ya tambaya ba. Ki yi masa alƙawarin ba za a taɓa amfani da yaren a ɓoye masa wani abu ko a yi gulmar danginsa ba, ki kuma cika, domin ranar da ya kama ki sau ɗaya an rufe babin. Sannan ki rage girman abin da kike roƙo. Kada ki ce masa za ki canja harshen gida. Ki ce ke da Mama za ku riƙa yi wa yara yaren a lokutan da ba ya nan. Ki zaɓi lokacin da ransa ke sake, ba a gaban Mama ba, ba a gaban yara ba. Idan kin ga fuska, ki koya masa gaisuwa ɗaya da zai riƙa yi wa surukarsa da safe. Ranar da yaran suka ji ubansu ya gaida kakarsu da yaren, ko da bakinsa ya karkace, darajar yaren ta tashi a idonsu fiye da duk wa'azin da za ki yi musu.

Yanzu ga yadda za a yi, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Da zarar an ce a koya wa yara yare, sai a tara su ranar Asabar a ce su maimaita sunayen gaɓoɓin jiki da ƙirga ɗaya zuwa goma. Bayan sati uku kowa ya gaji. Ƙasar Ayilan ta gwada hanyar darasi a matakin ƙasa baki ɗaya: tun bayan samun 'yancinta a 1922 ake koyar da harshen Irish, wato harshen asalin ƙasar, a makarantu a matsayin wajibi. A ƙidayar 2022 mutum kusan miliyan 1.9 suka ce suna iya shi, amma masu yin sa kullum a wajen makaranta kimanin 72,000 ne. Shekara ɗari ana koyarwa, ga abin da aka samu. Mutanen Maori na Niyu Zilan kuwa, da suka ga yaransu sun daina yin harshen, wata hanya suka bi. A 1982 suka fara buɗe wuraren reno inda ake haɗa ƙananan yara da dattawa masu harshen, a yini tare ana wasa, ana waƙa, ana faɗa, ana lallashi, ba Turanci ko kalma ɗaya. Cikin 'yan shekaru wuraren suka kai ɗaruruwa, a 1987 harshen ya zama na hukuma a ƙasar, mutanen tsibiran Hawayi na Amurka kuma suka kwaikwayi tsarin tun daga 1984. Abin da waɗannan mutane suka yi ta fafutukar haɗawa, wato tsohuwa mai harshe da ƙaramin yaro a wuri ɗaya, ke kina da shi a gidanki ba ki biya ko sisi ba.

Saboda haka kada yaren ya zama darasi, a maimakon haka ya zama harshen da ake wasu ayyuka da shi. Wanka, sa kaya, kwanciya barci, neman takalmin da ya ɓata, lallashin wanda ya faɗi. Ki zaɓi biyu ko uku daga ciki ki ce waɗannan da yaren ake yin su, kullum, ba fashi. Maimaituwar ce ke koyarwa. Yaron da ya ji "ɗaga hannunka" da yaren sau ɗari yayin da ake sa masa riga ba ya bukatar a fassara masa.

Akwai kuma abin da na tabbata kina yi da ya kamata ki daina: tafinta. Mama ta yi magana, yaro ya juyo ya kalle ki, ki fassara. Muddin kina nan a tsakani, ba su da bukatar su ji ta. Ƙarancin Hausar Mama, da kike gani kamar matsala, shi ne babban jarinki, domin yaro ba ya yin harshe don an ce yana da kyau, yana yi ne idan akwai wanda yake so kuma ba ya samunsa sai da shi. Ki bar su su yi ta fama, da nuni da hannu da komai. Ki riƙa aiken ɗan shekara bakwai wajenta da saƙon baki da yaren, gajere, ya kuma dawo miki da amsa. Wata mai bincike, Annick De Houwer, ta duba iyalai kusan 1,900 a Beljiyam waɗanda ake wani harshe ban da na gari a gidajensu, ta wallafa sakamakon a 2007. Kimanin ɗaya cikin huɗu na yaran ba sa yin harshen gidan. Inda aka fi rashin nasara shi ne irin gidanki, wato ɗaya daga iyaye harshen gari kaɗai yake yi, ɗayan kuma yana haɗa biyun. A can ƙasa da rabin yaran ne suka ɗauka. Na gaya miki wannan ne don ki san ɗan yayyafa yaren jefi-jefi ba zai wadatar ba. Sai yaran sun ji shi da yawa, daga bakin mutum fiye da ɗaya.

Wannan ya dawo da mu bakinki. Kin ce bai taɓa sakewa ba. A Kalifoniya, inda harsunan 'yan asalin ƙasar da yawa suka rage a bakin tsofaffi ƙalilan, an fito da wani tsari a 1992 tare da masaniyar harsuna Leanne Hinton: a haɗa dattijo ɗaya da matashi ɗaya, su riƙa yin awa 10 zuwa 20 a mako tare suna ayyukan yau da kullum, da sharaɗin ba Turanci. Abin da matashin ke fara koya shi ne yadda zai ce "mene ne wannan?", "sake faɗa", "yaya ake cewa?" da harshen kansa, don kada ya sami dalilin fita daga cikinsa. Da yawansu daga babu suka fara. Ke kuwa harshen na cikin kunnenki tun kina goye, kin san yadda jimla ke tafiya, kin san inda murya ke hawa da sauka. Abin da ya riƙe ki kunya ce, kuma na san inda ta samo asali: wata rana kin gwada, wani babba ya tuntsire da dariya ya ce ji yadda take yi kamar baƙuwa. Dariyar manya ta kashe harsuna da yawa. Ki zauna da Mama ki ce mata daga yau da yaren za ki riƙa amsa mata, ki roƙe ta idan kin yi kuskure kada ta yi dariya, kada ta tsaya gyara, ta maimaita abin daidai kawai ta ci gaba da hirar. Makonnin farko za ki ji kamar harshenki ya yi nauyi, za ki riƙa zamewa zuwa Hausa idan kin gaji ko ranki ya ɓaci. Ki dawo kawai. Kada ki jira sai kin ƙware kafin ki fara yi wa auta, da babu gara ba daɗi, kuma ga Mama nan tana ba shi ingantaccen.

Sai babbar. Abu biyu ne a nan, ki raba su. Yi wa kaka dariya rashin tarbiyya ne, ko da wane harshe kakar ke magana, kuma wannan ki tsawatar a kai, ubanta ma ya sa baki. Amma kunyar da take ji a gaban ƙawaye ba ita ta ƙirƙiro ta ba, wani wuri ta ɗauko. Ki tambaye ta a keɓe me aka taɓa ce mata. Wataƙila an taɓa kiran ƙabilarku da wani suna a makaranta, wataƙila ta ga an ci tarar wani yaro don ya yi harshen gidansu a aji. Wannan tsohon abu ne a duniya. A wasu makarantun yankin Wels na Birtaniya a ƙarni na 19 har wani ɗan katako ake rataya wa yaron da aka kama yana harshen iyayensa. Idan kika tilasta mata yin yaren a gaban ƙawayenta, ko kika riƙa yi mata gori, za ta haɗa yaren da wulaƙanci har ta girma. Ki ƙyale ta a waje. A cikin gida kuma ki ba ta muƙami maimakon darasi: ita ce mai riƙe waya ta ɗauki muryar Mama, ita ce mai tambayar sunayen kakanni da yadda dangi suka haɗu ta rubuta. 'Yar shekara 11 ba ta son a mai da ita ɗaliba a gida, amma tana son a ce ba mai iya wani abu sai ita. Ko da ba ta furta kalma ba a shekarar farko, kunnenta na sha. Irinsu da yawa sai sun kai ashirin da wani abu suke dawowa neman harshen da suka guje wa, kuma wadda aka bar wa ji ta fi wadda ba a bar wa komai ba nesa ba kusa ba.

Ɗaukar muryar kuwa ki fara shi a wannan makon, da izinin Mama. A tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ayilan, a 1948 aka je aka naɗi muryoyin tsofaffin da suka rage masu harshen tsibirin. Na ƙarshensu, Ned Maddrell, ya rasu a 1974. Waɗannan muryoyi na cikin abin da masu farfaɗo da harshen suka dogara da shi, har a 2001 aka buɗe firamaren da ke koyarwa da shi. Kada ki tsaya ga jerin kalmomi. Ki bar Mama ta yi doguwar hira yadda ta saba: tatsuniya, waƙar reno, labarin ƙuruciyarta, yadda ake zagi da yadda ake yabo, sunayen itatuwa da tsuntsaye da cututtuka. Ki rubuta ranar kowace ɗauka, ki ajiye a wuri fiye da ɗaya, ki tura wa 'yan'uwanki, don waya na faɗawa ruwa. Sai dai kada naɗin ya sa ki ji kin sauke nauyi. Murya a waya ajiya ce, ba ta amsa wa yaro idan ya yi tambaya.

Ba zan ruɗe ki ba, gida ɗaya ba ya ceton harshe. Wels na da gwamnati a bayan harshenta, da makarantu, da tashar talabijin tun 1982, duk da haka ƙidayar 2021 ta nuna masu harshen sun ragu zuwa kimanin 538,000. Yaro kuma yana kai wani mataki da harshen abokan wasa ke rinjayar na gida. Don haka ki nemi iyali biyu ko uku 'yan yarenku masu ƙananan yara, ku riƙa haɗuwa, yaran su ji cewa ba kakarsu kaɗai ke wannan magana a duniya ba. Ki lura da ƙungiyoyin ci gaban ƙabila, da yawansu taro suke yi a yi ta jimamin yare na mutuwa, jimamin kuma da Hausa ko Turanci ake yin sa daga buɗewa har rufewa. Ba irin wannan nake nufi ba. A dandalin dangi na WhatsApp ki fara tura saƙon murya da yaren, shi ba ya bukatar a san yadda ake rubutawa. Idan wani ya taso da gardamar wace ƙa'idar rubutu ce daidai, ko ya ce kalma kaza aro ce ba asalin yare ba, ki bar shi da gardamarsa. Harshen da ake yi kullum dole ya yi aro, Hausar da nake rubuta miki ma cike take da Larabci da Turanci.

Ita kuma Mama, ki gaya mata abin da kika ƙudura, ki ce kina bukatarta. Macen da ta rasa mijinta, ta bar inda ta saba, ta zo gidan suruki inda ba mai jin maganarta sai mutum ɗaya, ba yare kaɗai take wa kuka ba, kaɗaici ne ke cin ta. Amma ki kula kada a fake da koyar da yare a mai da ita mai reno. Ta yi da auta gwargwadon ƙarfinta, idan ta gaji a ɗauke shi.

Idan kuma kin yi duk wannan maigida ya ce a'a, kada ki koma yi a ɓoye kina gargaɗin yara kada su faɗa wa Babansu, wannan zai lalata abin da ya fi yare. Ki bar maganar ta kwanta na wasu watanni. Hirarki da mahaifiyarki dai taki ce, ban ga mijin da zai hana 'ya amsa wa uwarta da harshen uwar ba, kuma auta na gindinku yana ji. Idan ya fara kiran kakarsa yana haɗa mata kalma biyu da yaren, ki sake tayar da maganar, a lokacin maigida zai ga da idonsa cewa Hausar yaron da Turancinsa ba abin da ya same su.